Murjani mai rai a falon Kaduna: da wanne za a fara, wanne za a bari?

"Assalamu alaikum Malam. A Barnawa nake zaune. Na jima ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a falo, kuma alhamdulillahi suna lafiya. Kwanan nan ina ta kallon bidiyon tankunan ruwan gishiri a YouTube, masu murjani kala-kala, har raina ya biya. Akwai wani a Legas da ya ce zai iya turo min. Wane irin murjani ne ya dace da wanda bai taɓa yi ba? Na kuma ji an ce wasu suna da guba, ga ni da yara ƙanana a gida. Anya abin zai yiwu a Kaduna, da zafinmu da matsalar wuta, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyi uku ka haɗa: wanne za ka saya, wanne ne haɗari ga iyali, sannan ko abin zai ɗore a garin nan. Ta ukun ka sa a ƙarshe, amma ita ce babbar. Zaɓen murjani ba wuya, domin waɗanda suka dace da sabon shiga ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin murjanin da na ga ya mutu a Kaduna, ko dai zafin Afrilu ne ya kashe shi, ko kuma wani dare da aka kwana babu wuta. Zai yiwu, amma sai ka gama da waɗannan biyun kafin ka tura wa mutumin Legas ko sisi.

Murjani dabba ne, duk da ya yi kama da fure ko dutse. Kowane yanki da ka gani tarin 'yan halittu ne, kowace da baki guda a tsakiya da 'yan yatsu kewaye da shi, yatsun kuma suna harbi. A cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, masana na kiranta zooxanthellae. Ita ke karɓar haske ta haɗa abinci, ta ba murjanin kaso mafi tsoka, shi kuma ya ba ta masauki da taki. Idan ruwa ya ɗara zafin da suka saba da shi, ko da digiri 1 ne ko 2, ya kuma jima a haka, sai murjanin ya kori gansakukar, ya yi fari fat, yunwa ta fara cinsa. Abin da ya sami babban tudun murjani na gaɓar Ostireliya ke nan a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. To can teku ne, wanda ke ɗaukar makonni kafin ya ɗumama. Tankinka na falo yini guda ya ishe shi.

Masu kiwo sun kasa murjani gida uku. Akwai masu taushi, waɗanda ba su gina ƙashin dutse. Akwai masu ƙashi da manyan kawuna masu tsoka. Sai masu ƙashi da 'yan mitsi-mitsin kawuna, irin su Acropora, masu rassa kamar ƙaho. Waɗannan na ƙarshen su ne suka fi yawa a bidiyon da ke ɗaukar hankali, kuma su ne mafiya tsirfa. Kai da na farkon za ka fara.

Zafi da wuta

Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, ni kuma 25 zuwa 26 nake nufa. Daga 29 ya fara wahala, a 31 ko 32 kuwa asara ce kawai ake jira. Yanzu ka tuna yadda garin nan yake a Maris da Afrilu, inda zafin rana ke wuce 35, falon da ke da rufin kwano kuma ya riƙe zafin har bayan Isha. Fitilar tanki da famfunan cikinsa su ma suna ƙara nasu. Sai hunturu ya zo a Disamba da Janairu, sanyin asuba ya sauko kusa da 15. Wato kana bukatar hita, kana kuma bukatar abin sanyaya ruwa, a tanki ɗaya, a shekara ɗaya.

Hanya mafi araha ta sanyayawa ita ce ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan. Dabarar randa ce: ruwan da ya tashi sama shi ke tafiya da zafin. A Fabrairu da Maris, lokacin da iska ta bushe ƙayau, fanka na iya sauke ruwa da kusan digiri 2, wani lokaci fiye. Amma a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin gumin nan na kafin saukar damina, iska ta riga ta ɗauki laima, fanka sai ta koma ba ta tsinana abin kirki. A makonnin nan ne ake gane wa ya shirya. Ko dai na'urar sanyaya ruwan tanki, wadda masu kiwo ke kira cila, ko kuma ɗaki mai AC da ba ya mutuwa da rana. Gorar ruwa mai ƙanƙara da ake jefawa a tanki dabarar ceton rai ce ta yini ɗaya, ba tsarin da za a dogara da shi ba, domin ruwan yakan sauka ya sake hawa, murjani kuwa ya fi jin jiki da hawa da sauka a kan zafin da ya ɗan ɗara amma ya tsaya wuri guda.

Idan aka ɗauke wuta, mutane fitila suke fara tunawa. Murjani na iya yin kwana 2 ko 3 babu haske bai damu ba. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya tsaya cak. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, idan ya yi ɗumi kuma abin ya ƙara raguwa. Cikin 'yan sa'o'i sai kifi su fara haki a sama, ɗaya ya mutu a bayan dutse, ruɓewarsa ta ɓata ruwan, da safe ka tarar da komai ya bi. Don haka famfon da ke kaɗa ruwa shi ne ran tankin, kuma sa'ar da aka yi ba ya cin wuta. Famfo mai wat 15 idan ya yi awa 12 yana aiki, abin da ya ci bai wuce 180 ba a ma'aunin wat na awa. Batirin inbata mai 100Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da kusan 1,200, ko rabinsa kaɗai ka yi amfani da shi ya kai ka safiya da saura. Cila ko hita mai wat 200 kuwa, idan ta yi ta aiki ba tsayawa, awa 3 za ta cinye wannan rabin. Saboda haka famfon kaɗa ruwa ya samu layinsa na inbata wanda ke karɓa da kansa, ba sai wani ya tashi ya murɗa ba. Janareto kaɗai ba ya wadatarwa. Wa zai tayar da shi kana ofis, ko kun tafi gida hutun Sallah? Sanyayawa kuma sola ce ta fi dacewa da ita, tunda lokacin da ake bukatarta shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi.

Ga gwajin da nake sa duk wanda ya zo min da irin tambayarka ya yi. Ka kafa tankin a Fabrairu, da ruwan gishiri da dutse da famfo da fitila, komai yana aiki, amma babu ko halitta ɗaya mai tsada a ciki. Ka sa ma'aunin zafi irin mai riƙe mafi girma da mafi ƙanƙantar abin da ya gani, ka riƙa rubutawa kullum har bazara ta wuce. Idan ruwan bai haura 28 ba a ranakun da suka fi tsanani, ka ci jarrabawa. Sai ka yi odar murjani a Yuni ko Yuli, damina ta kankama, gari ya yi sanyi, tafiya ma ta fi yi musu sauƙi.

Kada tankin ya gaza lita 120 zuwa 150. Ƙaramin tanki ya fi araha, amma ya fi saurin yin zafi da saurin ɓaci, wato ya fi wahalar riƙo. Ka kuma tuna da nauyi: tanki mai lita 150 da dutse da yashi da gilashinsa ya haura kilo 200. Idan a Panteka za ka ba da aikin teburin ƙarfensa, ka sa su shafe shi da fenti mai hana tsatsa ciki da waje, domin feshin ruwan gishiri na cin ƙarfe. Ka nisanta shi da taga da bangon da ranar yamma ke duka.

Ruwan da za ka zuba

Ruwan burtsatse, da na famfo, da fiya wata, duk ba su dace ba, ko da kuwa suna da daɗin sha. Suna ɗauke da narkakkun abubuwa da ke ciyar da muguwar gansakuka, na famfo kuma ga kulorin. Matatar ruwa ake amfani da ita mai suna RO/DI, a auna abin da ta fitar da ɗan alƙalamin TDS mai auna narkakkun abubuwan da ke cikin ruwa, ya nuna 0 ko kusa da haka. Wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: matatar tana son ruwa mai ƙarfin turi, kusan 3 zuwa 4 a ma'aunin turin ruwa da ake kira bar, alhali tankin sama da ke tsayin mita 10 bar 1 kacal yake bayarwa. Yawancin tankunan gidajenmu ma ba su kai wannan tsayin ba. Sai ka haɗa da ɗan famfon ƙara ƙarfi, in ba haka ba za ka yini kana kallon ɗigo. Ruwan da take zubarwa ya ninka wanda take tacewa, ka tara shi don wanki da ban-ruwan shuka.

Gishirin miya ba ya yi. Na musamman ne ake saya, irin su Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran abubuwan da ke ruwan teku. Kowace lita na cin giram 35 zuwa 38. Cika tanki mai lita 150 zai ci sama da kilo 5, canjin kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako kuma zai ci fiye da kilo 2 a wata. Ka yi wannan lissafin da farashin yau kafin ka fara, domin kuɗi ne da ba sa tsayawa, kuma daga waje ake shigo da gishirin.

Ƙarfin gishiri ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026, ana auna shi da wani ɗan madubi mai suna rifiraktomita. A nan hunturu ke yi wa mutane wayo. Ruwa na tashi sama, gishiri ba ya tashi, don haka kullum ruwan tankin ƙara kauri yake. Ga busasshiyar iska, ga fanka, lita 3 ko 4 na iya tafiya a yini. Ka manna salatif a jikin gilas daidai bakin ruwa, kullum ka mayar da shi wurin da tataccen ruwa marar gishiri. Ƙurar hunturu kuma audugar tacewa ce maganinta, a riƙa canzawa a kai a kai. Rufe tankin ruf da gilas yana hana ƙura, amma yana kulle zafi, don haka murfin raga ya fi.

Tunda ka saba da kifin ruwan daɗi, bari in ja kunnenka a kan jan ƙarfe. Yawancin magungunan farin ƙurjin kifi suna ɗauke da shi, murjani kuwa ɗan kaɗan ke kashe shi. Tanki ko yashi ko dutsen da ya taɓa shan irin wannan magani kada ya shigo wannan aiki. Haka kan famfo ko mahaɗar bututu ta tagulla, duk ka yi da roba.

Sabon tanki sai ya nuna. Ƙwayoyin bakteriya ne ke zama a jikin dutse suna mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓun abubuwa, zuwa naitirait, sannan naitiret, abin kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Sai amoniya da naitirait sun nuna 0. Bayan nan za ka ga wata ƙura ruwan kasa ta lulluɓe yashi da gilas, ta zo ta wuce da kanta. Sauran ma'aunai, kamar yadda kwalaben gwajin ruwa ke nunawa: alkaliniti 8 zuwa 9 dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magniziyam wajen 1,300, naitiret ƙasa da 20, fosfet ƙasa da 0.1. Ga masu taushi, canjin ruwa na mako-mako ya isa ya riƙe waɗannan, ba sai ka tara kwalaben ƙari ba. Ba sa ma son ruwan da aka tace ƙal har babu ɗigon taki.

Waɗanda zan ce ka fara da su

Zan ba ka sunayensu na kimiyya domin su ne ba sa canzawa. Sunayen kasuwa kowa da nasa, kuma sau da yawa sunan ake saya da tsada.

Na farko Discosoma da ɗan'uwansa Rhodactis, waɗanda 'yan kasuwa ke kira mashrum saboda kamarsu da laimar kwaɗi. Faifai ne mai taushi, ja ko shuɗi ko kore. Ba sa son haske mai ƙarfi, ba sa son ruwa ya riƙa dukansu, don haka ƙasan tanki ne wurinsu. Suna yafe kuskure fiye da kowa, suna kuma haihuwa da kansu. Idan ka ga ya takure ya yi kamar kofi, ko ya saki dutse yana yawo, haske ko igiyar ruwa ce ta yi masa yawa.

Na biyu Briareum, mai korayen taurari. Shimfiɗa ce ruwan makuba da ke bin dutse, sai 'yan kawuna kore shar su fito suna kaɗawa. Kashe shi sai an yi da gaske. Matsalarsa ma ita ce ba ya tsayawa: duk dutsen da ya taɓa nasa ne, har gilas yana hawa, kuma yana bi ta kan maƙwabta. Ka ba shi dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi, inda ba ya taɓa wani.

Na uku, wanda na fi so, Sarcophyton, mai kara da faffaɗan kai kamar fata. Yana girma ya cika ido, ya ba tanki kwarjini. Yana da wata ɗabi'a da ke tsorata sabon mai kiwo. Wata safiya za ka tarar ya janye yatsunsa duka, ya sunkuya, kan ya yi sulɓi yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma. Haka zai zauna kwanaki, wani lokaci har mako ya wuce. Saɓa yake yi. Daga baya wata siririyar fata za ta fara ɗayewa daga gefe, ruwa ya tafi da ita, shi kuma ya miƙe ya buɗe fiye da da. Abin da yake so a lokacin shi ne ruwa mai ɗan motsi ya taya shi cire fatar, da kuma ka bar shi inda yake. Wanda ke mutuwa daban ne: namansa ke zagwanyewa idan an taɓa, yana wari. Shi da Sinularia mai yatsu suna sakin wasu sinadarai a ruwa don danne maƙwabta, shi ya sa ake ajiye jakar gawayin tace ruwa a riƙa canza ta duk wata.

Capnella, da ake kira bishiyar Kenya, shi ma mai haƙuri ne, sai dai yana yar da rassa, kowane reshe ya kama wuri ya zama sabo.

Za ka ga ana yawan sa Xenia a jerin na sabon shiga, saboda yatsunsa da ke buɗewa suna rufewa kamar yana tafi. Ni a Kaduna ba na ba da shawararsa a shekarar farko. Ba ya jure doguwar tafiya, kuma idan zafi ya buge shi narkewa yake gaba ɗaya ya ɓata ruwan sauran.

Bayan wata 6 zuwa shekara, idan ma'aunanka sun tsaya, ka gwada masu ƙashi biyu masu sauƙin kai, Duncanopsammia da Caulastrea. Dangin Euphyllia suna da kyau ƙwarai, amma suna miƙa dogayen yatsu su harbi na kusa da su, sai ka bar musu tazarar santimita 15 ko fiye. Acropora da Goniopora ka bar su tukuna. Dendronephthya da Tubastraea kuwa, launinsu ya fi na kowa kama ido, amma ba su da gansakukar nan a jiki, sai an ciyar da su da hannu, na farkon ma ƙwararru na shan kaye a kansa. Kada kuma a sayar maka da anemoni, wata dabbar teku mai yatsu masu harbi, wai don kifin nan mai ruwan lemo da farin zane da yara ke so. Kifin yana rayuwa lafiya lau ba shi, anemoni kuwa yawo yake yi, ranar da ya faɗa famfo tankin duka ya tafi.

Fitilar LED ta tankin murjani, awa 8 zuwa 10 a yini, ta isa. Sabon zuwa ka fara shi a ƙasa da haske kaɗan, ka riƙa ƙarawa mako-mako.

Maganar guba

Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ya shafi wasu da ake yawan tallatawa ga sabon shiga: Palythoa da Zoanthus, 'yan maɓallan nan masu launi da ke fitowa a jere. Wasunsu, musamman Palythoa, suna ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a halittu. Richard Moore da Paul Scheuer ne suka fara ware ta a 1971, daga wani Palythoa na tsibirin Maui a Hawaii. Aikinta shi ne ta lalata 'yar ƙofar da ke daidaita shiga da fitar sodiyam da fotasiyam a ƙwayoyin jiki, ta bar ta a buɗe, kuma kusan kowace ƙwayar jiki na da wannan ƙofa. Ba ta da makari. A asibiti alamomin ake yi wa magani har jiki ya farfaɗo.

Murjanin da ke zaune cikin ruwa ba a taɓa shi ba ya cutar da mai kallo. Haɗarin na zuwa ne idan an fito da shi, an yanka, an kankare, ko an zuba masa ruwan zafi. Ta hanya uku gubar ke shiga jiki: rauni a hannu, feshi a ido, da shaƙa. Ta ukun ce ta fi shafar mai iyali, domin ba mai aikin kaɗai take kamawa ba. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoton wasu mutane a Anchorage ta jihar Alaska da suka kwanta asibiti bayan an yi aikin murjani a gidansu, alhali ba su ne suka taɓa shi ba. A 2017 wasu iyali su 7 a kusa da Adelaide ta Ostireliya suka kwana a asibiti bayan an goge murjani daga tankin gidan.

Ba a gane mai guba da ido, kuma ba wani gwaji da za ka yi a gida. Tunda akwai yara, shawarata ita ce ka bar dangin nan biyu gaba ɗaya. Ba ka rasa komai ba, waɗanda na lissafa a sama sun isa su ƙawata tanki. Sai dai suna iya maƙalowa a jikin dutsen da ka saya, don haka ka ɗauki kowane dutsen tanki a matsayin mai ita. Doguwar safar hannu ta roba da tabarau duk lokacin da za ka fito da dutse. Kada ka tafasa shi, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka goge shi da buroshi a bushe ko a cikin ɗaki. Kada ka ja ruwa a tiyo da baki irin yadda ake jan fetur, akwai ɗan famfon hannu na wannan aiki. Wanda za ka zubar ka jiƙa shi a ruwan bilic a tsakar gida, domin bilic na kashe gubar, sannan ka ƙulle a leda biyu. Kada ka wurga shi bola haka nan, inda yaro zai ga dutse mai kyau ya ɗauka. Bokiti da tawul na tanki su zama nasa shi kaɗai, ba sa shiga kicin.

Alamomin su ne ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, tari, atishawa, zazzaɓi, ciwon jiki, ƙuncin numfashi, wani lokaci fitsari ya yi duhu. Ka lura da yadda rabinsu suka yi kama da zazzaɓin cizon sauro. Nan ne haɗarinmu yake, mutum ya wuce kemis ya sayi maganin maleriya ya kwanta. Idan an yi aikin tanki yau, da dare mutum biyu ko uku suka fara tari da zazzaɓi tare, ku fita daga ɗakin, a buɗe tagogi, ku tafi asibiti. Ka rubuta sunan gubar da na murjanin a takarda ka manna a jikin teburin tanki, ka tafi da ita, domin ba abu ne da likita ke cin karo da shi kullum ba. Idan ido ne, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a nufi likitan ido a ranar. Mun yi sa'a asibitin ido na ƙasa a garin nan yake. Ni mai kiwo ne, ba likita ba, iyakata a nan ita ce in ce kada a jira gari ya waye.

Akwai kuma gubar da ke tafiya daga gida zuwa tanki. Fiya-fiya da maganin sauro na feshi suna kashe halittun ruwa da ɗan abin da ya sauka a saman ruwan. Idan dole ne a fesa, a rufe tankin da leda, a kashe duk na'urar da ke zuƙar iskar ɗaki, sai warin ya fita a buɗe. Ka yi shawara da uwargida a kan turaren wuta, a riƙa sa kaskon nesa da tankin. Da hunturu kuma hannun kowa na ɗauke da basilin ko man shafawa, ka wanke har gwiwar hannu da ruwa zalla, ka ɗauraye sabulu sarai, kafin ka tsoma. Ruwan gishiri na ɗaukar lantarki sosai, don haka ka sa mai gyaran wuta ya saka maka na'urar da ke katse wuta da zarar ta zube, a ɗaga soket daga ƙasa, kowace waya kuma ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, yadda ɗigon ruwa zai faɗi a hanya. Murfi mai makulli a ƙofar teburin zai raba yara da kwalaben gwaji.

Sayayya daga Legas

Gaɓar tekun Najeriya ba ta da tudun murjani, saboda ruwan daɗi da lakar da Neja da sauran koguna ke zubawa. Duk abin da mutuminka ke da shi, ko dai daga waje ya zo, galibi Indonesiya ko Ostireliya, ko kuma yanki ne da ya girma a tankin wani a nan gida. Na biyun ka nema. Ya saba da rayuwar tanki, tafiyarsa gajeriya ce, kuma ba a ɓallo shi daga teku ba. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda Najeriya ke ciki, wato ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda. Shigo da halittun ruwa masu rai kuma yana bi ta hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. Masu taushin da na lissafa ba sa cikin jerin CITES, wani dalili ke nan na farawa da su.

Ka ce ya turo bidiyon ainihin yankin da zai ba ka, a ƙarƙashin farar fitila, domin shuɗiya na ƙara launi tana ɓoye rauni. Ka tambaye shi tun yaushe yake wurinsa, ka kuma duba ko naman ya riga ya kama ɗan dutsen da aka manna shi. Wanda aka yanka jiya ba ya jure tafiya. A turo ta jirgin sama cikin akwatin kumfa, ka je ka karɓa da kanka. Kayan da aka ba direba a tasha, ya yini ya kwana a but kusa da zafin inji, ko ya iso da rai ba lallai ya kai mako ba.

Da isowa ka sa ledar a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita. Ka tsoma murjanin a maganin wankin murjani gwargwadon yadda aka rubuta a kwalbar, ka ɗauraye a ruwan tanki da ka ɗiba a kwano, ka duba gindinsa da tocila. Abin da kake nema su ne 'yan tsutsotsi masu faɗi, ƙwai, da wani ƙaramin anemoni ruwan kasa mai suna Aiptasia, wanda idan ya shiga tanki fitar da shi sai an sha wuya. Ruwan leda ba ya shiga tankinka.

Odar farko kada ta wuce yanki uku: Discosoma ɗaya, Briareum ɗaya, ƙaramin Sarcophyton ɗaya. Kwana 2 ko 3 na farko za su iya zama a rufe, ka bar su. Ka jira mako 2 zuwa 3 kafin ka ƙara wani. Ban ga falonka ba, ban kuma ga ƙarfin solarka ba, shi ya sa takardar da za ka cika a Afrilu ta fi maganata nauyi. Idan ta nuna 30 kuma kuɗin cila ba su samu ba, ka tsaya a kifin ruwan gishiri masu juriya da dutse kawai na shekarar, ka sake gwadawa bazara mai zuwa bayan ka ƙara faranti da batir.